Rasuwar Inna Mai Ɗumi, Na'urar Ƙyanƙyasa ta Ajin Kawu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, iyalan Kawu, malamin tattalin arzikin noma a jami'a, suke sanar da rasuwar Inna Mai Ɗumi, na'urar ƙyanƙyasar ƙwai ta ajinsa. Ta cika ranar Laraba da hantsi, hadari ya haɗo, iska tana buga tagogi.

Marigayiyar ce ta raba Kawu da alli. Tun zuwanta ya daina karanta wa ɗalibai riba da asara daga littafi. Kowa sai ya kawo ƙwansa, ya sa sunansa a jiki da fensir, ya reni abin da ya fito, ya kai kasuwa da kansa. Yadda ya iya ciniki, haka makinsa. Har 'yan bencin baya suka koma sammako. Ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai "zuuu" a kusurwar aji, da "ƙit" in za ta juya ƙwai.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Shugaban sashe ne ya zo ya ga ko za a ba da izinin ci gaba da wannan salon koyarwa baɗi. Kawu ya so haska masa hotunan 'yan tsakin bara a bango, sai ya zare Inna daga sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta, ya ba majigi wurinta, ita kuwa ya soka ta a soket kai tsaye. Darasin ranar kan kare jari daga asara ne. Yana tsakiyar bayani aka yi tsawa, wuta ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi. Inna ta ce "fat". Ƙauri ya cika aji. Shugaban ya rufe bironsa, ya fita yana toshe hanci.

Ta bar majigin, wanda ko ƙwarzane bai yi ba, da ɗalibai waɗanda har yau suke gaishe da Kawu da ladabi, abin da ya fi zagi yi masa ciwo. Yanzu ta ƙofar baya yake shiga sashe.

Mai gyara ya duba ta ya girgiza kai. Za a miƙa ta ga 'yan gwangwan ranar Asabar da safe, a bayan ɗakin ajiya. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su tambayi yadda aka yi. Ranar Litinin Kawu zai koma alli.

An rasa na'ura ɗaya, ƙwai sittin da 'yan tsaki suka fara motsi a ciki, makin aji guda, da izinin baɗi.