Rabin Tankin Da Na Ji Tausayinsa A Arfa

Ba zan taɓa mantawa da aikin hajjin bara waccan ba, domin a lokacin ne na tsaya gaban mutum ashirin da furfurata ina neman inda zan ɓoye fuska.

Kwana uku kafin hawan Arfa kamfaninmu na masu dafa wa alhazai abinci ya kai mu filin. Muna da karafan, wato ɗaki mai taya da mota ke ja, da tankin ruwa a ƙarƙashinsa. Daga tankin nan muke sha, da shi ake dafa mana shayi. Shekara guda ya yi a ajiye a unguwar Shisha da ke Makka, don haka dole a wanke shi.

Mudir ɗinmu, wato shugaban aiki, Abu Faisal, Bahaushe ne haihuwar Makka, Hausarsa rabi Larabci. Ni ya zaɓa; Ammi yake kirana, wato baffa.

"Ya Ammi, kai ne mai haƙuri. Ka cika tanki, ka zuba kulor kofi ɗaya, ka bar shi awa huɗu. Ba'adain ka zubar duka, ka ɗauraye sau biyu. Duka fa, ya Ammi!"

Na ce to. Wayit, motar ruwa, ta zo na cika. Na zuba kulor, maganin nan na kashe ƙwayoyin cuta, na buɗe kowane famfo har warin ya fito, na rufe. Har nan babu laifina.

Da awa huɗu suka cika na buɗe bakin tanki. Ruwa garai-garai ya fara kwarara cikin yashi. Sai zuciyata ta karye. (Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Damagaram, inda uwata ke wanke kwano da ruwan da ta wanke hatsi, sannan ta ba akuya sauran.) Ina kallon ruwan nan yana nutsewa kamar jinina ake zubarwa. Da ya kai rabi na rufe. Na ce a raina, in an ƙara sabo ai zai cinye warin. Na cika shi da sabon ruwa. Don ƙarin tabbaci har na juye jarkar Zamzam ɗina a ciki. Wai ni mai dabara.

Sai aka kawo takardar aiki. An rubuta an zubar, an ɗauraye sau biyu, ga wurin sa hannu. Shekara da shekaru dangwala yatsa nake yi. Amma wata takwas ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, don haka na ture tawada na ce a ba ni biro. Na rubuta sunana harafi-harafi, ina cizon harshe. Karo na farko a duniya, kuma a ƙarƙashin ƙarya.

Washegari da hantsi Hajja Amina, mai dafa mana, ta haɗa shayi a babbar buta. Kowa ya zauna a inuwar karafan. Sabi'u Bakano, abokin wasana, shi ya fara kurɓa. Ya tsaya, ya dubi kofin, ya dube ni.

"Hajja, yau shayin asibiti aka yi mana?"

Abu Faisal ya kurɓa, ya furzar. "La haula! Esh hada?" Hajja Amina ta ɗora hannu a ƙirji tana rantsuwa ita ba ta canja komai ba, idonta ya cika da hawaye. Mudir ya ɗauko takarda ya ce ba daga tanki ba ne, ga sa hannun Ammi nan, shi kuwa ba ya ƙarya. Ya juya zai fara yi wa baiwar Allah faɗa.

Nan na miƙe.

"Mudir, ƙyale ta. Rabi na zubar."

"Rabi? Lesh?"

"Na ji tausayin ruwan."

Da ma a nan na tsaya. Amma bakina ya ƙara da cewa, "Ai na sa Zamzam a ciki."

Sabi'u ya faɗi ƙasa yana riƙe da ciki. "Badamagare ke nan! Ya ba mu guba, ya haɗa mana da maganinta!"

Abu Faisal bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya miƙo mini takardar da biro, ya ce a hankali, "Ya Ammi, soke da hannunka. In ka gama aikin ka sake rubutawa."

Na soke sunana. Na ba Hajja haƙuri. Sannan na tsaya cikin zafin rana a filin Arfa riƙe da tiyo, na zubar da tanki cike, na cika na zubar, na sake cikawa na zubar. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da tausayi, Alhaji."

Abin da na koya shi ne, in aiki ya ce a zubar, to rufe ido ka zubar. Ni dai rabin tanki na ji tausayi, na binne uku a yashi.