Yadda Ake Gina Katangar Dutse, Ba Siminti Ba Ilimi

Maigida, ka bi matakan nan, na yi maka alkawari lambun bayan gidanka zai samu katanga ta dutse zalla, ba siminti, ba laka. Ban dai ce za ta daɗe a tsaye ba.

1. Cika baki

Ka jira sai matarka ta ce, "Baban yara, akuyar maƙwabci ta sake cinye min tumatir, a kira magini mana." Ka dube ta da tausayi ka ce, "Magini? Ina raye?" Ka ɗaga murya yadda maƙwabcin zai ji, don ka toshe wa kanka hanyar janyewa.

2. Kwaso duwatsu

Ka ari baron mai akuyar, ai shi ya jawo. Idan bayanka ya riƙe, ka ci gaba da tsayuwa a sunkuye kana gyaɗa kai, kamar mai nazarin ƙasa.

3. Jeri

Masana sun ce a haƙa harsashi, manyan duwatsu a ƙasa, kowane dutse ya hau kan biyu. Masana ba su da aikin yi. Wanda hannunka ya fara taɓawa shi ne na ƙasa. Inda ya yi rawa, cusa tsakuwa. Tsakuwa ta ƙare, akwai tsohon takalmi. Idan dutse ya sauka a babban yatsanka, ka yi murmushi, ana kallonka ta taga.

4. Zuwan akuya

Za ta zo ta shinshina, ta haye can sama, ta fara cin ganyen lemon da ba ta taɓa kaiwa ba. Matarka za ta ce, "Da tumatir kawai take ci. Sannu da gina mata matakala."

Ka ce, "Gwaji nake yi. Kin ga ginin ya ɗauki nauyi."

5. Ziyarar suruki

Wannan matakin ba ka da iko a kansa. Tsohon zai zagayo lambu, ya yaba, ya nufi katanga.

"Baba, ga kujera."

"Bar ni, ɗana, in jingina da aikin hannunka."

Daga nan sai ƙara, sai ƙura, sai ƙafafu biyu a sama tsakiyar tumatir. Ka tsinto masa hularsa, ka karkaɗe, ka ce, "Baba, dama irin wannan ginin sai ya faɗi tukuna yake zama daram."

Zai dube ka daga ƙasa, ya ce, "Na gode Allah da ba kai ka gina ɗakin da 'yata take kwana ba."

Gargaɗi

Ni shawara na bayar, ban ɗora dutse ko ɗaya ba. Yatsanka, ƙugun Baba da gaisuwar da matarka ta daina amsawa, duk naka ne. Kada a zo min gida, ba na nan.