Shekara Bakwai Da Na Ƙara Wa Sani

Da mijina Malam yana raye, Allah ya jiƙansa, shi zai je kotu. Ɗanmu Sani, mai gyaran inji a Sharada, yana neman bizar aiki a waje, aka ce in je in rantse kan shekarunsa. Na ce wa zai ba yaro amanar inji? Na ƙara masa bakwai, na dangwala yatsa ina taƙama. Da takardar aka yi masa fasfo.

Ashe masu bizar maki suke bayarwa, kuma ƙuruciya suke so. Makinsa bai kai ba.

"Inna, kin tsufar da ni," ya ce, ya koma bakin injinsa.

Har yau ina kuka. Amma ko jariri aka haifa a layinmu, sai mata su ce, "Ku ɓoye shi, kada Inna ta sa masa furfura."