Yadda Za Ka Burge Surukinka da Faifan da Ba Ka Taɓa Ji Ba

Idan kana neman aure a gidan manya, kuma ba ka da sana'ar faɗa ko halin nunawa, kwantar da hankalinka. An gwada wannan hanya a cikin garin Gombe, kuma ina ba ka tabbaci: duk wanda ya bi ta daki-daki, surukinsa ba zai manta da shi ba har ya bar duniya. Mu'azzam na Jekadafari ne ya share ta, a shekarar da shingayen sojoji suka cika gari, lokacin da yake neman Alhaji Bamanga na GRA ya ce masa ya turo magabatansa a kan 'yarsa Bushra. Sawunsa za ka bi.

Mataki na ɗaya: Nemo lagon tsoho

Kowane dattijo yana da abin da in an taɓo sai ya koma yaro. Kada ka wahalar da kanka da bincike. Ka je zance, ka bar yarinyar ta yi ta surutu kana latsa waya.

Haka Bushra ta faɗa wa Mu'azzam cewa babanta ya yi karatu a Ingila, ya dawo da garmaho mai girman akwatin lefe, da wani faifan kiɗan rok da yake ji da shi kamar ɗansa. Faifan ya ɓace lokacin da suka taso daga Bauci. Garmahon yana falo, an lulluɓe shi da tsohon mayafi.

"Wasu Turawa ne a jikin kwalin, gashi har kafaɗa, sun jingina da bango kamar an kore su daga gida," in ji ta.

"Wannan? Ai da shi na girma," in ji Mu'azzam. "Yana ɗakina."

Bai ɗaga kai daga wayar ba. Ka koyi wannan. Ƙarya ta fi zama daram in ba a haɗa ido ba.

Mataki na biyu: Ka aro, amma kada ka saurara

Maganar ta kai kunnen Alhaji, ya ce a zo masa da faifan ranar Asabar bayan la'asar. Sai Mu'azzam ya bazama. Aka kwatanta masa gidan Malam Bernard a Kagarawal, tsohon malamin makaranta, mutumin Kaltungo, wanda faifansa suka fi kwanukan matarsa yawa.

Da ya ji kwatancen kwalin, Malam Bernard ya zaro faifan, ya hure, ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar kwanon miya mai zafi. "Zauna, ɗana, an kawo wuta. Bari in sa maka ka ji."

"Haba Malam, ni za a sa wa? Na haddace shi."

"To madalla. Kada dai ka bar shi a rana."

In an yi maka irin wannan tayi, ka ƙi. Sauraro na masu koyo ne. Kai masani ne.

Mataki na uku: Tanadi kalmomi

Ba a buƙatar da yawa. Ka ce sautin yana da ɗumi. Ka ce yana da jiki. In an kawo zancen waƙar memori ko ta waya, ka yamutsa fuska kamar an miƙo maka kunun jiya, ka ce, "Wancan ruwan leda ne, faifai kuwa ruwan randa." Mu'azzam ya gwada wannan a teburin mai shayi, inda babu wanda ya taɓa ganin garmaho, kuma ba a samu mai musu ba. Wurin gwajin ilimi ke nan: inda ba a san komai ba.

Mataki na huɗu: Kada ka yi wa soja darasi

A shingen shiga GRA kowa sauka yake daga abin hawa, ya buɗe kayansa. Sojan ya juya kwalin, ya leƙa ciki. "Mene ne wannan?"

Amsar ita ce, "Faifan waƙa ne, ranka ya daɗe." Mu'azzam kuwa sai ya fara bayanin randa da leda, har da cewa ba kowa zai gane ba. Ya ƙarasa bayanin yana tsallen kwaɗo a bakin kwalta, faifan a saman kansa, shaddarsa tana sharar ƙasa. Ka riƙa tafiya da hankici.

Mataki na biyar: Ɓuya a bayan kunya

Nan ne gwanintar take. Al'ada ta riga ta yi maka rabin aikin. Mai neman aure ba ya zama a kujera gaban uban yarinya, ba ya kallon idonsa, ba ya doguwar magana. Wato duk abin da ba ka sani ba, sai ka sunkuyar da kai, a ce tarbiyya ce.

Mu'azzam ya tuɓe takalma a ƙofar falo, ya durƙushe a gefen kafet. Alhaji Bamanga ya karɓi kwalin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon Turawan nan. Sannan ya yaye mayafin garmahon da kansa.

"Yaro, wace waƙa ka fi so a ciki?"

"Baba, ai babu ta yarwa."

"Gefen farko za mu sa, ko na biyu?"

A nan Mu'azzam ya san cewa abin gefe biyu gare shi. Ya ƙara sunkuyawa. "Wanda Baba ya zaɓa."

Alhaji ya ji daɗi. Yaron zamani, ga kunya, ga kunne. Da Mu'azzam ya tsaya a nan, da yanzu wani labarin ake yi. Amma masani ba ya barin a tashi bai ba da shawara ba.

"Baba, a ƙure masa murya. Shi wannan ba a jin sa a hankali."

"Lallai ka san shi," in ji Alhaji, ya murɗa har ƙarshe.

Mataki na shida: Lumshe ido

Allurar garmaho ta sauka a kan faifan. Abin da ya fara fitowa wani ƙas-ƙas ne, irin na albasa in ta faɗa mai. Ƙurar shekaru ce kawai a jikin faifan, kiɗa bai fara ba. Mu'azzam ya ɗauka shi ke nan waƙar. Ya lumshe ido, ya shiga gyaɗa kai, yana cewa a hankali, "Ka ji ɗumi. Ka ji jiki."

Sai gangunan suka faɗo gaba ɗaya, dum, har gilashin taga ya amsa.

Ka tuna wace shekara ce. Shekarar da in taya ta fashe a kasuwa sai an tsinci takalma buhu guda. Ba wanda zai zargi mutum don gabansa ya faɗi. Mai gadin gidan ma ya kwanta a bayan tankin ruwa. Amma Mu'azzam, wanda ya girma da faifan nan, bai kwanta ba, bai yi salati ba, bai waiwayi tsohon da ke zaune ba. Ya miƙe ya nufi ƙofa. A ƙofar kuwa Bushra ce ke shigowa da tiren zoɓo. Ya ture ta da kafaɗa, ta zube, kofuna suka tarwatse. Ga ƙofar gida a buɗe take, amma ya haura katanga.

A falo kiɗa ya ci gaba abinsa. Bayan gangunan sai jita ta shigo, siririya, tana ja kamar mai kukan da ba ya son a ji. Wata murya mai kaushi ta bi ta, ƙas-ƙas ɗin yana tafe a ƙarƙashinsu kamar yayyafi a kan kwano. Alhaji bai motsa ba sai da ya ga 'yarsa a ƙasa. Ya ɗaga allurar, ya zo ya kama hannunta.

"Kin ji ciwo?"

"A'a, Baba. Gwiwa ce kawai."

Ya dubi zoɓon da ke bin kafet, ya dubi katangar ta taga. "Ƙaryar faifai ba ta dame ni ba, samari sun saba. Amma yau ganga ce. Ran da abin gaske ya tashi fa?"

Bushra ta je ta ɗauko tsintsiya.

Mataki na bakwai: Kare mutuncinka

Ka koma teburin mai shayi ka ce tsohon bai iya saita garmaho ba. Ka ce allurar ce ta China. Mu'azzam ya yi ta kiran Bushra don ya yi mata wannan bayani, wayar tana shiga, ba a ɗagawa. Da Malam Bernard ya gaji da jira, ya bi sawun kayansa har GRA. Yanzu duk Asabar shi da Alhaji suna falo, sun ƙure murya, mai gadi ya saba.

Gargaɗi

Na yi alkawarin ba za a manta da kai ba, ban yi alkawarin za a ba ka mata ba. Gocewar ƙafa a katanga, yagewar shadda, tsallen kwaɗo, da yaran unguwa da za su riƙa buga maka bokiti in ka zo wucewa, duk babu hannuna a ciki. Wanda kuma ya ga Mu'azzam ya faɗa masa saƙon Alhaji ya fito: ba sai magabata sun wahala ba. Takalmansa suna wurin mai gadi, kuma an ce in zai zo karɓa, ya biyo ta ƙofa.