Dutsen da Babu Shi a Ƙasa

Wani ne dai, aikinsa zana wa matuƙan jirgin sama taswira. Tun gashinsa na baƙi yake duƙe a kan teburi da rula da alƙalami, har furfura ta gama da shi. Sai ga kwamfuta an kawo ofis. Oga ya ce, "Baba, daga yau a nan za ka riƙa zane."

Ya ce, "An gama, yallaɓai."

Oga na fita, mutuminka ya kwantar da kwamfutar rigingine, ya ɗora rula a kan gilashin, ya shiga tsaga layi da biro. Da ya yi kuskure ya tofa yawu ya goge da hannun riga.

Da ƙyar wata abokiyar aikinsa ta ƙwace biron. Ta ce, "Haba Baba! Tsofaffin taswirorinka ma duk mun kwashe mun adana a gajimare."

"A ina?"

"A gajimare na intanet. Can ake ajiya yanzu."

Ya leƙa taga, ya ga hadari ya haɗo. Ko hula bai tsaya ɗauka ba, sai gida. Tun daga ƙofa yake ƙwala wa matarsa kira, "Fito da robobi! Fito da bahon wanki! Aikina zai zubo!"

Ta ce, "Maigida, lafiya kuwa?"

"Ke dai tara! In kin ga filin jirgi ya faɗo, kar ki bari ya jiƙe!"

Washegari ya iso ofis yana atishawa, ya tarar da oga ya haɗe rai. An ɗora hoton da tauraron ɗan'adam ya ɗauka a kan wata tsohuwar taswirarsa. Oga ya nuna da yatsa.

"Baba, wannan ƙaton dutsen fa? Hoto ya nuna fili ne fetal, sai awaki."

Ya gyara tabarau, ya kanga hanci ya sansana takardar. "Af! Ashe shayi ne ya ɗiga."

Oga ya daka tsalle. "Shayi? Shekara da shekaru jirage na kewaye ɗigon shayi, suna ƙona mai a banza! Ba ni dalili ɗaya da zai hana in sallame ka yau!"

Mutuminka ya gyara tsayuwa, ya ce, "Yallaɓai, tsakani da Allah, tun da na sa dutsen nan, ka taɓa jin jirgi ya yi karo da shi?"