Rasuwar Rami, Mai Gadin Giyar Auren Yunshu

Da zuciya mai nauyi, wadda har yanzu ba ta gama gane abin da ya same ta ba, Lou Hanwen, mai takardar difloma a aikin sanyi da lantarki, a madadin iyalan marigayi Lou Deshui na birnin Shaoxing, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar firij ɗin gidansu, wanda aka fi sani da Rami. Ya rasu a cikin makon jiya, shi kaɗai, a lungun baranda, a hawa na goma sha ɗaya. Ba a san takamaiman lokacin ba.

Ga asalin marigayi Rami. Ranar da Yunshu, ƙanwar Hanwen, ta cika wata guda a duniya, mahaifinsu, Lou Deshui, ya yi abin da uban 'ya mace ya saba yi a Shaoxing. Ya cika tuluna uku da giyar shinkafa, ya rufe bakinsu da ganyen bado, ya shafe da yumɓu, ya binne su a gindin bishiyar tsakar gida, ba mai buɗewa sai ranar aurenta. Da aka rushe tsohuwar unguwa aka mayar da su bene, sai ya tono tulunan ya hau da su sama, yana rungume da ɗaya kamar jinjiri. A sama kuwa babu ƙasar da za a haƙa. Akwai rana, akwai gilashi, akwai zafin bazara mai narka kyandir.

A lokacin Hanwen bai daɗe da gama makaranta ba. Ya samo tsohon firij ɗin shago, ya kwashe kayan cikinsa, ya jera masa katako, ya sauya masa na'ura yadda zai tsaya a digiri goma sha huɗu, sanyin cikin ƙasa, ba sanyin ƙanƙara ba. Ya shafe gilashin ƙofar da baƙin fenti, tun da ƙasa ba ta da taga. Ya ajiye kwanon ruwa a ciki don kada yumɓun ya tsage. Baba ya zagaya shi, ya zura hannu ciki, ya daɗe bai fitar ba, sannan ya ce, "Kai da karatunka! Wato rami ka haƙa mini a tsaye?" Sunan ya bi shi har ƙarshe.

Marigayin mai haƙuri ne, marar son a gan shi. Bai taɓa neman a sa masa nama ko kankana ba, kuma duk da Mama ta sha gwada shi da ragowar miya, bai taɓa kai ƙara ba. Maganarsa ɗaya ce: ƙit, sannan huuum, a hankali, kamar tsoho mai gyangyaɗi. Idan an bar ƙofarsa a buɗe yakan ce tit, tit, tit, cikin ladabi. Kowace safiya Baba kan ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa kafin ya sha shayi. Bayan rasuwar Baba, wannan huuum ɗin ne ya hana gidan yin shiru gaba ɗaya. A kan yumɓun tulun tsakiya kuma akwai sawun babban yatsan Baba, wanda Hanwen kan duba duk lokacin da ya zo sauya ruwan kwano.

Game da jinyarsa ta ƙarshe, Hanwen zai faɗi abin da ya sani kawai.

An sa ranar auren Yunshu. Zafi ya dawo bayan kowa ya ɗauka ya tafi, aiki kuma ya kai Hanwen Ningbo na 'yan kwanaki. A bayansa Mama da Gwaggo, yayar Baba, suka fara adon gida. Suka liƙa jar takarda a ƙofofi da madubai, suka kuma bi kowace kafa da kowane rami suka toshe, don kada wani mugun abu ya sami hanyar shigowa ya tarar da amarya. A bayan marigayin akwai ƙananan kafofi da yake numfashi ta cikinsu. Gwaggo mace ce da ba ta barin aiki rabi. Ta gano su duka.

Da Hanwen ya dawo, tun daga bakin ƙofa ya ji abin da babu: huuum ɗin ya ɗauke. Mama ta tarye shi da fara'a.

"Zo ka ga yadda muka gyara maka tsohon naka. Har ya yi shiru, shi ma ya san biki ya zo."

Ya buɗe ƙofar firij ɗin. Iskar da ta fito ɗumi gare ta kamar numfashin mutum. Kwanon ruwa ya bushe. Ya zagaya baya, ya ɗaga gefen jar takardar, ya taɓa injin, ya mayar da takardar ya danne ta da yatsa yadda ya same ta. Daga nan ya tafi kicin ya wanke shinkafa, domin lokacin girki ya yi. Mama ta biyo shi ta tsaya a bayansa. Can ta ce, "Ni na riƙe wa Gwaggonka gam ɗin." Ya ce mata shinkafar nan tana da tsakuwa.

Iyalan sun amince cewa tsufa da zafi ne sanadi. Hanwen yana roƙon kada a sake tambayarsa, ko da ta fuskar sana'a.

Marigayin ya bar tuluna uku, waɗanda ba wanda ya san halin da suke ciki. Wataƙila sun jure. Wataƙila abin da ke cikinsu ya zama ruwan tsami. Gwaggo ta ce a fasa ɗaya a ɗanɗana, in ya lalace a sayo wata giyar a ɗura a ɓoye, kada a ji kunya a gaban dangin ango. Hanwen ya ɗauko kurfi da guduma, har ya ɗora bakin kurfin kusa da sawun yatsan, sai Yunshu ta riƙe masa hannu.

"Yaya, ajiye."

"In ya yi tsami fa? Gaban mutane?"

"To a ƙaro kaguwa, a riƙa tsomawa a ciki, ai da ruwan tsami ake cinta. Ni da tulun nan sa'o'in juna ne, kai kuma kullum cewa kake na yi tsami, ga shi an samu mai ɗauka." Ta karɓe gudumar. "Baba ne ya rufe, ya kuma faɗi ranar buɗewa. Ba yau ba ce."

Ya ajiye. Yanzu tulunan suna lungun garejin ƙarƙashin bene, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Hanwen kan sauka da ma'aunin zafi ya duba, ya hau, ya sake sauka, ko da yake ya san lambar ba za ta gaya masa komai ba.

Za a fitar da gawar ranar Asabar da hantsi, ta matakala, domin ba ta shiga lifta. Ana neman maza huɗu masu lafiyar baya. Ɗan gwangwan zai jira a ƙofar gabas da kekensa mai ƙafa uku. Ba za a ɓare jar takardar ba. Da adonsa zai tafi. Wanda ya so yin bankwana yana iya ƙwanƙwasa gefensa da bayan yatsa. Ba a buƙatar furanni.

Ba za a yi zaman makoki ba, saboda washegari Lahadi ne ɗaurin aure, kuma a can amarya za ta fasa yumɓun da hannunta. Iyalan suna roƙon duk wanda aka miƙa wa kofi ya karɓa da hannu biyu, ya shanye, ko me ya tarar a ciki. Kada ya yamutsa fuska, kada ya yaba fiye da kima. Kada kuma ya dubi inda Mama take zaune.