Ranar da Na Kira Sunansa a Gaban Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da wata Litinin ba, shekarar da naira ta kori fam, ranar da yayana ya ɗora ni a a-kori-kura daga Kusada zuwa kotun alƙali a Kankia, da ɗiyata goye a baya, hannuna ɗaya ɗaure da karare.

Tsohon mijina ne ya karya ni. Shekara guda da ya sake ni, amma bai saki dukana ba. Na farko a bakin rijiya, dattawa suka ce a yi haƙuri. Na biyu alƙali ya ci shi tara, ya ja masa kunne. Na uku ya tare ni a hanyar Kaikai da sanda, saura kaɗan ta sauka kan yarinyar. Yayana ya ce, "Na tambayo miki magatakarda. Wanda ya maimaita har uku, ɗaurin wata shida ne zuwa shekara. Ke dai ki buɗe baki."

To, bakin ne ya ƙi buɗuwa. Alƙali ya ce, "Yarinya, faɗi sunan wanda kike ƙara a rubuta."

(Ku da kuka yi boko ba za ku gane ba. Mu mace ba ta kama sunan mijinta na fari. Ko a zuci ban taɓa ba.)

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, shi ne."

"Shi wa?"

"Wancan mai hula."

Kotun nan kaf ba mai kai a buɗe! Aka fara ƙus-ƙus. Na yi dabara na juya baya na nuna goyona, na ce uban wannan. Alƙali ya ce to ita mi sunanta? Ɗiyar fari ce fa. Ita ma ba na kamawa. Dariya ta ɓarke har ɗan doka sai da ya juya wa bango fuska. Alƙali ya ce, "Ba a ɗaure mutum da sunan 'shi'. In ba ki faɗa ba, na sallame shi."

Sai na ɗaga ido na ga tsohon mijin nawa yana murmushi. Murmushin da yake yi kafin ya ɗauki sanda. Na ji numfashin yarinyar a wuyana.

Na miƙe tsaye (ba a miƙewa gaban alƙali), na ƙwala, "Iro! Iro ne! Iro ɗan Malam Bawa!" Wato har da sunan surukina, yana zaune nan gaba, tsoho ya ja rawani ya rufe fuska. Yarinya ta farka ta tsala ihu, ni kuma ban tsaya ba, sai "Iro, Iro" nake kamar mai tallar fura, har alƙali ya ce, "Ya isa, baiwar Allah, sau ɗaya muka nema."

Wata tara ya samu.

Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Innata ta ce na zubar mata da mutunci, mata a rijiya suka daɗe suna kwaikwayon muryata. Har yau in na tuna sai na rufe fuska, amma ban ce kowa ya yafe mini ba. Abin da na koya dai shi ne, in za ki yi rashin kunya, ki yi ta inda akwai mai rubutawa. Kuma ki tsaya a sau ɗaya.